A Gwada Takin Juji Kafin Ya Shiga Gona

Da zarar bazara ta kama, hanyoyin gonaki a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura kan cika da amalanken shanu da motocin tifa ɗauke da baƙar ƙasar tsofaffin juji. A jibge ta tsibi-tsibi a gona, a jira ruwan shuka. Wannan dabara ce ta kaka da kakanni. Tun shekarun 1960 masani Michael Mortimore ya rubuta yadda manoman kewayen Kano ke kwaso takin birni a kan jakuna, suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta gaji ba.

Yawancin gonakin tudu a yankin nan rairayi ne, ba sa riƙe ruwa balle taki. Tsohon juji kuwa ya tara toka, kashin awaki, ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa, sun ruɓe sun zama ƙasa mai laushi da danshi. Shi ya sa kabewa ke fitowa da kanta a kan bola, ganyenta shar. Ga kuma yadda buhun takin zamani ya yi tashin gwauron zabi tun 2022. Ba mu ga laifin manomi ba ko kaɗan.

Sai dai jujin yau ya sauya. Duk wanda ya sa fartanya ya tona tsibi ɗaya zai ci karo da leda, fasasshiyar kwalba, mataccen batiri, gwangwanin fenti, wani lokaci har da sirinji. Leda tana hana saiwa sakewa, akuya ta haɗiye ta ta yi ta ramewa. Wannan kowa na gani. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne gubar da ido ba ya gani, irin dalma da kadmiyom da ke tsatsafowa daga batura da tarkacen kayan lantarki. Ba sa ruɓewa, kuma cinna wa juji wuta tattara su yake yi cikin toka. Ganyaye kamar alayyafo da latas sun fi gero da dawa zuƙar su, yara kuma na wasa a ƙasar suna kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dalma komai ƙanƙantarta tana iya illata ƙwaƙwalwar yaro. A Zamfara a 2010 dalma ta kashe yara sama da 400. Can daga duwatsun zinare ta fito, yawanta kuma ya wuce na juji nesa ba kusa ba, amma gubar dai ita ce.

Ba ma kira a hana kwasar juji, domin hakan raba talaka ne da takinsa. Kiranmu shi ne a gwada. Kazaure na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, Babura na da Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Hukumar muhalli ta JISEPA da hukumar noma ta JARDA su haɗa hannu da su da ƙananan hukumomin huɗu, a ɗebi ƙasar kowane babban juji a auna, a fara da na kusa da garejin kanikawa da asibitoci. Wanda aka samu da guba a killace shi, kada ya kusanci lambu ko fadama. Mai lafiya malaman gona su nuna yadda za a tankaɗe shi kafin a loda. Sakamakon kuma a karanta shi a rediyo da Hausa, a faɗi sunan kowane juji da unguwarsa, tun kafin amalanken bana su fara jigila.