Dandali na jiran masu faɗin gaskiya

A watan Maris na 2025, kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An yi murna daga Dogon Dutsi har Damagaram, kuma murnar tana da dalili. Sai dai martabar harshe ba ta tabbata da takardar gwamnati kaɗai. Tana tabbata ne a inda ake magana da shi a bainar jama'a, ana muhawara, ana tsokana, ana dariya. Ɗaya daga cikin waɗannan wurare shi ne dandalin wasan kwaikwayo, kuma dandalin nan yau yana cikin halin ƙaƙa-nika-yi.

Gajeren wasa, da wasan mutum guda mai tsayawa shi kaɗai gaban taro, ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Ɗan kama ya daɗe yana cika kasuwa da dariya ba tare da labule ko fitila ba. Yara na yin tashe a cikin watan azumi. A Damagaram samari sun gaji wasan kara, inda ake kwaikwayon sarki da hakimai da manyan bariki, su kuma su kalla su yi murmushi. Magabata sun gane cewa shugaban da ya iya jure wa ɗan wasa zai iya jure wa talakawansa.

Bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta raya samariya, ta kuma kafa bikin matasa na ƙasa wanda aka soma a Damagaram a 1976, yana zagaya manyan biranen jihohi. Kowace jiha takan zo da wasanta a yi gasa. A wannan zamani ne rediyo da talabijin na ƙasa suka kai sunan Yazi Dogo da abokan wasansa gidajen da ba su taɓa ganin dandali ba. An samu ƙwararru, an samu masu kallo, amma mai biyan kuɗi shi ke zaɓen waƙa: jigon wasa yakan bi abin da hukuma ke so a faɗa.

Babban Taron Ƙasa na 1991 ya kwance bakin jama'a, kuma wanda ya shugabance shi, André Salifou, shi kansa marubucin wasan kwaikwayo ne, mai littafin Tanimoune. Ƴanci ya zo, amma aljihu ya bushe. Samariya ta watse, darajar sefa ta karye da rabi a watan Janairun 1994, ma'aikata suka yi watanni ba albashi. Ƴan wasa suka koma ga ƙungiyoyin agaji, masu ba da kwangilar gajerun wasanni kan allurar rigakafi da tsabta da karatun ƴaƴa mata. Waɗannan saƙonni ne masu amfani, amma wasan da aka san ƙarshensa tun kafin a fara ba ya kama zuciya. Wasu, irin marigayi Alfred Dogbé da ya rasu a 2012, sun yi ƙoƙarin kafa wasa mai cin gashin kansa a Yamai, sai dai yawancin aikin da Faransanci aka yi shi, kuma ya jingina da cibiyoyin da kuɗinsu ke zuwa daga waje. Cibiyar al'adun Faransa ta Damagaram ma an ƙone ta a tarzomar Janairun 2015.

Yau matasa masu baiwa sun koma wayar salula, suna saka gajerun barkwanci a WhatsApp da TikTok. Can ma akwai tarko, domin a 2024 an maido da hukuncin ɗauri a dokar laifuffukan intanet kan ɓata suna da yaɗa abin da aka ce zai tada hankalin jama'a. Ɗan wasan da bai san inda iyakar ta tsaya ba, sai ya tsaya ga ba'ar kishiyoyi da surukai, ya bar zancen tsadar hatsi da cin hanci a shingayen hanya. Tun da aka rusa jam'iyyun siyasa a 2025, wuraren da talaka zai ji an faɗi damuwarsa da babbar murya sun ƙara raguwa.

A nan ne gajeren wasa ke da amfani. Ba ya bukatar mutum talatin da motar ɗaukar kaya. Mutum ɗaya ko uku, da tabarma, da rabin sa'a, sun isa. Gidajen matasa da al'adu na Maraɗi da Tawa da Damagaram suna nan, haka ma cibiyar Oumarou Ganda a Yamai. Ya kamata hukumomin birane su ware dare ɗaya a mako su buɗe su kyauta ga ƙananan ƙungiyoyi. Ya kamata ma'aikatar al'adu ta sa gasar rubuta gajerun wasanni da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a buga waɗanda suka yi fice, domin yawancin wasannin zamanin samariya ba a rubuta su ba, da baki aka tsara su.

Ƴan kasuwa ma suna da nasu rabo. Alhazan Maraɗi da ke zuba kyauta a filin kokowa za su iya ɗaukar nauyin ƙungiyar wasa ɗaya na shekara, da sharaɗin kada su nemi a yi musu kirari. Hukuma kuwa abin da ake nema gare ta kaɗan ne: ta ba da fili, ta janye hannu daga rubutun. Ma'aikacin da ya ga an kwaikwayi halinsa a dandali ya ji haushi, ya tuna cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.