Sharhin Bayan Labarai: Wa Zai Yi Wa Yaranmu Bayanin Balaga?

Sharhinmu na yau ya taɓo wata magana da ake yin ta ƙasa-ƙasa a majalisun dattawa da tsakar gidaje, daga Bulkachuwa zuwa Azare, daga Chinade zuwa Madara. Maganar ita ce: me ake koya wa yaranmu game da jikinsu, kuma a wuyan wa nauyin koyarwar ya rataya?

Abin da ya ƙara rura wutar maganar shi ne labaran da wayar hannu ke kawo mana daga Turai da Amurka. A can, an daɗe ana taƙaddama kan yaran da ba su kai shekara 18 ba, waɗanda ke cewa jikin da aka haife su da shi bai dace da yadda suke jin kansu ba. Wasu likitoci kan ba su allurar dakatar da balaga, daga baya a ba su sinadaran da ke sauya murya da surar jiki. Masu goyon baya, ciki har da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, sun ce hakan na rage wa yaran ƙuncin rai. To amma a Ingila, wata ƙwararriyar likitar yara, Dakta Hilary Cass, ta shafe kusan shekara huɗu tana jagorantar bincike, kuma rahoton da ta fitar a watan Afrilun 2024 ya nuna cewa hujjojin da aka gina wannan magani a kansu masu rauni ne. Kafin shekarar ta ƙare, gwamnatin Birtaniya ta hana bai wa yara allurar don wannan dalili, sai dai a ƙarƙashin binciken kimiyya. Ƙasashen Finland da Sweden sun riga ta ja da baya. A Amurka kuwa, ranar 18 ga Yunin 2025, Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar jihar Tennessee da ta haramta irin wannan magani ga yara, alƙalai shida suka amince, uku suka ƙi. A cikin wannan watan dai, kotun ta goyi bayan wasu iyaye a jihar Maryland, Musulmi da Kirista, da suka nemi a bar su su janye yaransu daga darussan da suka saɓa wa addininsu.

Darasi biyu ke nan. Na farko, abin da in an yi shi ba ya komawa yadda yake, ba a gaggawar yi wa yaron da hankalinsa bai gama nuna ba. Na biyu, iyaye na da haƙƙin sanin abin da ake zuba wa yaransu a aji. A kan waɗannan biyun, addininmu da al'adarmu sun daɗe da tsayar da magana.

Sai dai fa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yoyon ɗakinmu daban ne. Tsoron abin da ke faruwa a Landan ya sa da yawa daga cikinmu sun ɗinke baki gaba ɗaya, har ya zama duk wanda ya ambaci balaga ko haila a gaban yara ana yi masa kallon ɗan koren Turawa.

Mu tuna yadda aka faro. A shekarar 1999 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a shigar da wannan fanni cikin karatun makarantu, a lokacin da cutar ƙanjamau ke cin rayukan matasa. Da malaman addini da iyaye suka nuna rashin amincewa, aka tace manhajar, aka sauya mata suna zuwa Ilimin Zaman Iyali da Kariya daga Ƙanjamau, aka fitar da ita a 2003, aka kuma bai wa kowace jiha damar daidaita ta da al'adarta. A watan Nuwamban 2022, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, wanda ɗan Azare ne, ya umarci hukumar tsara manhaja ta ƙasa da ta cire darussan jima'i daga karatun matakin farko. Hujjarsa ita ce wannan aiki na iyaye ne da malaman addini. Wasu ƙungiyoyin lafiya da na kare haƙƙin yara suka soki matakin, mu kuwa a nan da yawanmu muka yi na'am.

To, madalla. An sauke kaya daga kan malamin makaranta, an ce namu ne. Mun ɗauka? Uba nawa ne a Bulkachuwa ya zaunar da ɗansa ya yi masa bayanin mafarkin balaga da wankan da ke biyo bayansa? Yarinya nawa ce ta fara ganin jini tana aji, ta ɓuya a bayan makaranta tana kuka, don babu wanda ya taɓa gaya mata cewa haka Allah ya halicci mata?

Alƙaluma ba su bar mu cikin duhu ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 41 cikin ɗari na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Jihar Bauchi sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari, adadin da ya fi na kowace jiha a Najeriya. Akasarinsu a ɗakin aure suke, amma aure ba ya koya wa yarinya alamun haɗari a lokacin goyon ciki, ko illar doguwar naƙuda a gida. Duk wanda ya leƙa cibiyar masu yoyon fitsari ta ƙasa da ke Ningi zai ga abin da rashin sani ke jawowa. Wani binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa ɗaya cikin 'yan mata huɗu, da ɗaya cikin yara maza goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Yaron da ba a taɓa gaya masa cewa akwai sassan jikinsa da babu mai ikon taɓawa ba, da wane baki zai kai ƙara?

Abin mamaki, wannan ilimi da muke gudu yana nan cikin littattafan da ke jingine a zaurukanmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ɗauki Ahalari, ya san akwai fasalin haila da na jinin biƙi. Ishmawi da Iziyya sun yi bayanin abin da ke wajabta wanka. Risala ta bambance maniyyi da maziyyi dalla-dalla, kuma yara matasa ake karantar da su. Uwar Muminai Nana A'isha ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambayar addininsu ba. A ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tsarki da zaman aure. Kakanninmu sun san kunya fiye da mu, amma ba su mai da ita katangar jahilci ba.

Al'adarmu ma ta yi tanadi. Uwa na jin nauyin 'yarta, musamman ta fari da ko sunanta ba ta faɗa. Shi ya sa aikin ya koma hannun kaka mai wasa da jika, da goggo, da inna, da yayar da ta riga ta yi aure. Yau manyan gidaje sun rarrabu, kowa ya ja iyalinsa gefe, kaka na ƙauye, goggo na Kano. Gurbin da suka bari, wayar hannu ce ta shige shi. Yaron da muka hana jin magana mai tsabta daga bakin malami yana kallon ƙazanta a TikTok da tsakar dare, mu kuwa muna barci.

Akwai kuma wasu bayin Allah da wannan hayaniya ke shafa ba tare da laifinsu ba, wato yaran da aka haifa mata-maza. Wannan halitta ce, kuma malaman fiƙihu sun san da ita tun da daɗewa, har Muhtasar na Shehu Halilu ya rufe da hukuncin gadonsu. Lamarinsu daban yake da rigimar Turai. Amma sau da yawa ɓoye su ake yi, ko a bar su ga tsokanar 'yan unguwa har su bar makaranta. Irin wannan yaro likita yake buƙata, ga babban asibitin tarayya nan a Azare. Haka duk yaron da aka ga ya shiga ruɗani game da kansa: duka da gori ba su taɓa warkar da kowa ba, sai dai su tura shi hannun wanda zai saurare shi da mugun nufi.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Bauchi da ta baje abin da ake koyarwa a fili, a fassara shi da Hausa, a kai gaban taron iyaye da malamai, kowa ya gani da idonsa. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare ta horar da malamai mata da za su zauna da 'yan mata, da maza da za su zauna da samari, cikin harshe mai mutunci. Limamai da malaman Islamiyya su daina tsallake waɗannan babuka in an zo kansu, su kuma gayyato ungozoma da ma'aikatan lafiya su cike abin da ya shafi jiki. Masu unguwanni su tsaya kan cewa duk wanda ya lalata yaro hukuma za a kai shi, ba a rufe magana a zaure ba.

Ku kuma iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In bakinki ya yi nauyi, Hajiya, kira goggon 'yarki ta zauna da ita. In kana jin kunya, Malam, haɗa ɗanka da kawunsa ko malaminsa. Yaranmu za su ji wannan magana ko mun so ko mun ƙi. Mu tabbata daga bakin mai ƙaunarsu suka fara jin ta.