Sifaniyanci: Inda Mai Faransanci Yakan Yi Tuntuɓe

Yaron da ya tashi a Jimeta ba baƙon harsuna ba ne. Yakan ji Fulatanci a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a makaranta, ga kuma Faransancin da fatake ke tsintowa a hanyar Garwa ta ƙasar Kamaru. Ba a kuma rasa samarin da suka sa ido kan Sifaniyanci, wasu saboda ƙwallon Madrid da Basalona, wasu kuwa da niyyar neman abinci a Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami mulkin kai daga Sifen a 1968, kuma har yau da wannan harshe ake aikin gwamnati a can.

To, abin da ya fi ba ɗalibi wahala shi ne yadda ake faɗin aikin da aka riga aka gama. Bahaushe ba ya taɓa aikatau, lamiri kawai yake sauyawa: na ci, ka ci, sun ci. Mutumin Sifen kuwa kalma biyu yake haɗawa. Ta farko daga "haber" take, watau he, has, ha, hemos, habéis, han. Ta biyun ita ce aikatau ɗin kansa da sabuwar ɗafa-ƙeya: mai ƙarewa da -ar ya ɗauki -ado, mai -er ko -ir ya ɗauki -ido. Saboda haka "he hablado" na nufin na yi magana, "hemos comido" kuma mun ci.

Mai karatu ya lura cewa Hausa ta riga ta share wa ɗalibi hanya. Duk inda Bahaushe zai ce "taɓa" ko "tukuna", galibi wannan siga ake so. Ban ci ba tukuna: "todavía no he comido". Ban taɓa zuwa Garwa ba: "nunca he ido a Garoua". In kuwa wani aiki ne ya riga wani a baya, alal misali kafin a isa tasha mota ta riga ta tashi, sai a ce "ya había salido".

Abin mamaki, wanda ya zo da Faransanci ya fi saurin zamewa a nan. Ya saba da "je suis allé", sai ya ɗauko wannan hali ya ce "soy ido", alhali kuwa Sifaniyancin yau "haber" kaɗai ya yarda da shi a wannan gurbi. Haka nan ya saba ƙara harafi in mace ce ta tafi, "elle est allée". A nan babu wannan. Namiji "ha ido", mace ma "ha ido", jama'a "han ido".

Sai 'yan taurin kai, waɗanda ba sa bin ƙa'ida: escribir ya koma escrito, hacer hecho, decir dicho, ver visto, abrir abierto. Waɗannan sai hadda, kamar karatun allo, domin wanda ya rubuta "escribido" a jarrabawar DELE ta Cibiyar Cervantes jan biro zai sha.

Su kansu masu harshen bakinsu bai zo ɗaya ba. Mutumin Madrid da ya ci abinci ɗazu zai ce "hoy he comido", na Meziko kuwa yawanci "hoy comí" zai ce, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.