Ɗalibin kwamfuta a Zamfara, ka girka saba da hannunka

1/ Ɗaliban kwamfuta na FUGUS da sauran makarantunmu, ra'ayina ke nan: wanda bai taɓa girka sabar yanar gizo da kansa ya tabbatar tana aiki ba, bai kamata ya je kare furojet ba tukuna.

2/ A Satumba 2021 aka katse sabis ɗin waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Gusau ta yi kusan wata guda, Tsafe da Bungudu sun fi haka daɗewa. Mai aikinsa a sabar haya ya zauna jiran sabis. Mai saba a laftof ɗinsa ya ci gaba da aiki.

3/ Dalili kuwa, localhost, wato 127.0.0.1, kwamfutarka ce take magana da kanta. Ba ruwanta da data.

4/ Kuma kyauta ne. Apache tun 1995 yake, Nginx tun 2004. A Ubuntu: sudo apt install apache2. A Windows: XAMPP. Saukewar farko kawai ke cin data. XAMPP ma sai ka karɓa a filashi wajen aboki.

5/ Inda ake yawan faɗuwa: girkawa daban, aiki daban. apache2 -v zai nuna maka an girka ne kawai. systemctl status apache2 shi zai faɗa maka ko yana gudana. Sannan ka buɗe burauza ka rubuta localhost. In shafi bai fito ba, da saura.

6/ In Apache ya ƙi tashi a XAMPP, kada ka yi saurin gogewa ka sake girkawa. Sau da yawa wata manhaja ce, kamar IIS, ta riƙe ƙofa ta 80. Ka tsayar da ita, ko ka koma 8080 a httpd.conf.

7/ Wani zai ce ai yanzu kowa haya yake yi. Haka ne, shafin da duniya za ta gani galibi sai da haya, ga kuma matsalar wuta. Amma ran da shafin makaranta ko kemis ya faɗi, wa za a kira? Kai. In ba ka san inda ake dubawa ba, aikin ya tafi hannun wani.

8/ Malamai, don Allah ranar kare furojet ku ce ɗalibi ya tsayar da sabar, ya sake tada ta a gabanku. Minti biyu ne, sai a gane wanda ya yi da wanda ya saya.