Saƙon nan da kake sharewa kullum a wayarka, gaskiya yake faɗa maka

1/ Jama'a, ku ara min minti biyar. Akwai wani saƙo da ke leƙowa a saman waya kusan kullum: "Waiting for Wi-Fi", ko "Storage full", ko "Couldn't complete backup". Yawancinmu kore shi muke yi da yatsa kamar ƙuda. Ni a ganina, duk cikin saƙonnin da wayarka ke turo maka babu wanda ya kai shi muhimmanci.

2/ Abin da yake cewa a Hausance: kayanka ba su hau intanet ba. Takardar NIN, sakamakon WAEC, furojet ɗinka, lissafin POS, muryar tsohuwa da ta turo maka kafin ta rasu, duk kwafi ɗaya ne tak. Yana cikin wayar da kake bari wurin mai caji, kake hawa kabu-kabu da ita a aljihun gaba.

3/ A shagon kwamfuta nake aiki a Bodinga. Mutanen Sifawa da Danchadi na zuwa, 'yan Shagari ma kan tsaya in za su Sakkwato. Kusan duk wanda ya miƙo min waya da wannan saƙon, "bairos ne" yake fara cewa. Ba bairos ba ne. Kuma galibi ba sabis ba ne, duk da shi muka fi son zagi.

4/ Na farko, Wi-Fi. Google Drive da Google Photos da WhatsApp kowanne na da saitin da ke hana shi ɗora kaya sai ya samu Wi-Fi. An yi shi ne don kada datarka ta ƙone, kuma niyyar mai kyau ce. To amma wanda ya tsara shi yana zaune ne inda Wi-Fi ke kowane gida. Tsakani da Allah, gida nawa ne a Shagari ke da shi?

5/ Sai waya ta zauna tana jiran baƙon da ba zai zo ba. Wata shida, shekara. Kai kuma hankalinka kwance, "ai komai nawa na Drive".

6/ Maganinsa: shiga saitin manhajar ka ba ta izinin amfani da data. Na san data ta yi tsada, balle tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Shi ya sa ban ce ka ɗora komai ba. Ka sayi datar dare, ka fara da takardu. Takardun makarantarka gaba ɗaya ba su kai nauyin bidiyon biki guda ba.

7/ Na biyu shi ne babba, ku natsu nan. Google na ba kowane asusu 15GB kyauta, amma rumbu ɗaya ne: Gmail, Drive da Photos duk ciki suke zubawa. Da can hotuna ba sa shiga lissafi, sai aka daina wannan daga 1 ga Yunin 2021. A farkon 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga lissafin.

8/ Yanzu ka tuna guruf nawa kake ciki. Na 'yan ajinku, na unguwa, na siyasa, na wa'azi, na ƙwallo. Kowane bidiyo da aka jefo ka buɗe yana sauka, in kuma ka kunna haɗawa da bidiyo a ajiyar WhatsApp, can zai tafi ya cinye rumbun.

9/ Ga inda abin ke da ciwo: in rumbun ya cika, ba Drive kaɗai ke tsayawa ba. Gmail ɗinka ma ya daina karɓar saƙo. Ka cike neman aiki ko tallafin karatu, kana ta duba imel shiru, ka ce ba rabo. Alhali an turo, ƙofar ce a rufe. Na ga wannan da idona ga wata ɗaliba, sai da wa'adin ya wuce aka gane.

10/ Ka kashe haɗa bidiyo a ajiyar WhatsApp. Ka buɗe Drive ka duba manyan fayiloli ka goge na banza. Sannan ka zubar da kwandon shara, domin abin da ke ciki yana cin wuri har kwana 30 kafin ya goge kansa. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa: sun goge, saƙon bai tafi ba, sai su ce wayar ta lalace.

11/ Ƙananan dalilai, a gurguje: agogo ko kwanan watan waya ya karkace, ka mayar da shi na kai-tsaye. Saitin tattalin batir na kashe manhaja da zarar ka rufe fuska, ka cire Drive da WhatsApp daga ciki. WhatsApp da ƙarfe 2 na dare yake ajiyarsa, lokacin da wayar da yawanmu ta mutu don ba wuta. Ka danna da hannunka da rana.

12/ Yanzu inda za mu saɓa da wasu abokan sana'ata. Shawara biyu ake yawan bayarwa: "a yi mata filashin" da "buɗe sabon Gmail kawai". Don Allah kar ka yarda da ta farko kafin a kwafe kayanka. Saƙon yana gaya maka babu wani kwafi, sai kuma a goge wanda ke akwai? Saƙon zai ɓace kam. Da kayan.

13/ Sabon Gmail kuma, wa ya buɗe maka na farkon? Mai shagon waya, ko? Kalmar sirrin fa? Na san mai asusu huɗu, bai san na ɗaya ba. WhatsApp ba ya dawo da ajiya sai da lambar da asusun da aka yi ta da su. Layin da ka jefar kuwa, in ya daɗe ba a amfani da shi, wani ake sayar wa. Google ma tun Disambar 2023 yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa ba.

14/ Wani zai ce, to in saƙon ya daina fitowa shikenan? A'a. Aikin waɗannan manhajoji daidaita ɓangare biyu ne, kamar madubi. Ka goge hoto a cikin Google Photos, ya tafi a waya ya tafi a intanet. Ƙaninka ya karɓi waya ya yi "shara", madubin zai bi shi. Kuma a Satumbar 2021 an yanke sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda tsaro. Mai takardunsa a intanet kaɗai, ranar bai da komai a hannu.

15/ Don haka takardu masu muhimmanci su zauna wuri uku: waya, Drive, da memori ko filash da ke cikin akwati a gida. Na makaranta da na fili kuma a buga su a takarda.

16/ Kafin ka wuce: WhatsApp, Settings, Chats, Chat backup. Akwai kwanan watan ajiyar ƙarshe a wurin. Rubuto min a ƙasa watan da ka gani. Masu "Never" kar ku ji kunya, da ku zan fara.