Rijistar tagwaye: gado ne ke kawo ciwo, ko zaman duniya?

Hawan jini, ciwon sukari da ciwon daji cututtuka ne masu daɗewa a jikin mutum. Tambayar da likitoci ke yi ita ce: daga iyaye ake gadonsu, ko kuwa abinci, taba, iska da irin aiki ne ke kawo su? Tagwaye suna taimakawa wajen ba da amsa.

Tagwaye iri biyu ne. Waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya, gadon jikinsu kusan ɗaya ne. Waɗanda suka fito daga ƙwai biyu, rabin gado kawai suka haɗa, kamar wa da ƙane. In Hasan ya kamu da ciwo Husaini bai kamu ba, alhali ƙwai ɗaya ne, sai a duba abin da ya bambanta zamansu.

Don haka ne ƙasar Danmark ta buɗe rijistar tagwayenta a 1954. Suwed ta bi baya, da nufin gano ɓarnar da shan taba ke yi. A shekara ta 2000 aka bayyana sakamakon binciken tagwaye 44,788, biyu-biyu, na Suwed, Danmark da Finlanda. An samu cewa rabon gado a ciwon dajin nono kashi 27 ne cikin ɗari, a na babban hanji kashi 35. Wato mafi yawan sanadin yana cikin yadda mutum ke rayuwa da wurin da yake zaune. Abin da ba gado ba ne kuwa, ana iya yi masa rigakafi.

Waɗannan ƙasashe sun ci nasara ne domin tun da daɗewa suna rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa. Sai da takarda ake bin sawun mutum shekara 40.

A nan ne maganar ta shafe mu. Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da suka fi haihuwar tagwaye a duniya: a Benin, maƙwabciyarmu, wajen haihuwa 28 cikin 1,000 ta tagwaye ce. Amma wani bincike na 2017 ya nuna cewa a Afirka kudu da Sahara, ɗaya cikin tagwaye 5 ba ya kai shekara 5. Gine Bisau ta buɗe tata rijista a 2009, tana auna nauyin tagwaye tana lura da lafiyarsu.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Aikin farko na ungozoma ne, da malamin asibiti, da ma'aikacin da ke ba da takardar haihuwa: a rubuta tagwaye a matsayin tagwaye, a riƙa auna su, a nemi yardar iyaye, a kuma tsare sirrinsu. Littafin da zai yi wa likitoci amfani gobe, shi ne zai sa a san jaririn da ke bukatar kulawa yau.