Sharhi: Waya Taka, Makulli a Hannun Wa?

Sharhinmu na yau a kan wayar da ke aljihunku ne.

A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, kuma Dutsin-Ma da Kurfi na cikinsu. Duk wanda ya ga wannan lokaci ba sai an faɗa masa darajar waya ba. Masu POS suka zauna babu aiki, ɗalibai suka rasa hanyar da za a turo musu kuɗin abinci, mutane suka riƙa hawa mota zuwa inda sabis yake don su ji lafiyar 'yan'uwa. Abin da ya kai haka a rayuwar mutum, kamata ya yi a ce shi ke da iko da shi gaba ɗaya. To amma yawancin wayoyin da muke saye da guminmu, rabin iko kawai aka bar mana a kansu.

Ga yadda abin yake. Manhajar Android, wadda ta fara fitowa a 2008, an gina ta ne a kan Linux, kuma tushenta a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara. Sai dai kamfanin da ya ƙera wayar yakan ɗana kulle a ɗan shirin da ke tayar da ita idan an kunna. Muddin kullen nan yana nan, ba ka da halin cire manhajar kamfani ka ɗora wata. Ranar da kamfanin ya daina aiko da sabuntawa, wayar ta kama hanyar mutuwa ke nan, ko da sikirin da batir lafiyarsu ƙalau. Sannu a hankali manhajojin da ka dogara da su za su fara cewa wayarka ta tsufa, har ka haƙura ka nemi wata.

Wannan ne ya sa masu sha'awar fasaha a ƙasashe da dama suka daɗe suna neman a ba su waya buɗaɗɗiya. Tun ƙarshen 2016 wasu 'yan sa-kai ke haɗa manhajar LineageOS, suna farfaɗo da wayoyin da kamfanoninsu suka yi watsi da su. A ƙasar Holan, kamfanin Fairphone tun 2013 yake sayar da wayoyi, ya kai ga ƙera wadda ɗan sukurdireba ya isa ka canja mata batir ko kyamara. Manyan kamfanoni kuwa wasunsu baya suka ja: a 2018 Huawei ya daina bai wa masu wayoyinsa lambar buɗe wannan kulle. Da ƙorafi ya yi yawa, Tarayyar Turai ta kafa doka da ta fara aiki a watan Yunin 2025, wadda ta wajabta samar da kayan gyara har shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin waya, da sabunta manhaja na aƙalla shekara 5.

Wani zai ce wannan ai rigimar Turawa ce. Wallahi mu ta fi shafa. Ku tsaya a teburin mai gyaran waya a bakin kasuwar Dutsin-Ma ku ga aiki. Yaro ne matashi, ga na'urar hura iska mai zafi a hannu, ga tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit yana wanke fanel, ga gwangwanin madara cike da ƙananan sukurori. Da can farce kawai ake sawa a ɓalle murfi a canja batir. Yanzu sai ya gasa bayan wayar har gam ya saki, yana bi a hankali kada gilashi ya tsage a ce shi zai biya. Idan matsalar ta manhaja ce, sai ya ce a yi mata filashin, ya shiga neman fayil ɗin da ya dace a intanet, wanda sau da yawa ba daga kamfani ya fito ba. In ya ɗora wanda bai dace ba, waya ta ƙi tashi. Zanen da ke nuna hanyoyin wuta a cikin injin ma ba a ba shi ba, da lalube da tambayar na gaba ya koya. Abin da ya gagara, sai a tura Katsina ko kasuwar Farm Centre a Kano, mai waya daga Kurfi ya biya kuɗin mota ya zauna jira. Alhali babur ɗin da ka saya, kowane makanike na iya kwance injinsa, kuma ba wanda ya taɓa cewa hakan laifi ne.

Akwai maganar da ba za mu tsallake ba. Kulle yana da amfani. Ƙwacen waya ya ci rayuka a biranenmu, kuma tsarin da ke hana ɓarawo goge waya ya sayar da ita kariya ce ta gaske. Haka wasu manhajojin banki ba sa yarda su yi aiki a wayar da aka buɗe, don tsoron 'yan damfara. Ba mu ce a cire kulle ba. Cewa muka yi makullin ya zauna a hannun mai waya. Wanda ya nuna shaidar cewa tasa ce, a ba shi damar buɗewa, a faɗa masa haɗarin da ke ciki, ya zaɓa da kansa. Su ma masu gyara akwai nauyi a kansu: duk wanda ya kawo waya a kulle babu rasit, babu kwali, babu shaidar da aka sani, kada a taɓa ta.

Hukumar sadarwa ta NCC ita ke tantance samfurin wayoyi kafin a sayar da su a Najeriya. Tana da damar tambayar kamfanoni irin su Transsion, mai Tecno da Infinix da itel waɗanda suka cika kasuwanninmu, shekara nawa za su riƙa sabunta manhaja, kuma a rubuta amsar a jikin kwali. Mai saye ya san abin da ya biya wa kuɗi.

A nan gida kuma, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 tana da sashen kimiyyar kwamfuta, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Ɗalibin da ya karanta yadda manhaja ke aiki da yaron da ya ƙware a kan fanel gari ɗaya suke kwana, amma da wuya ka gan su a tebur ɗaya. Muna kira ga malamai su ba ɗalibai aikin kammala karatu a kan tsofaffin wayoyin da ke jibge a shagunan gyara: su tantance waɗanda za su buɗu, su gwada ɗora musu sabuwar manhaja, su rubuta matakan da Hausa, su kai wa masu gyara na Dutsin-Ma da Kurfi.

Sharhin ke nan.